Yadda sankarar hanta ke magana da ƙwayoyin da ke kewaye da ita: tambayoyi da amsoshi

Idan aka yanki ƙarin da aka ciro daga hanta aka duba shi a madubin ƙara girma, abin da ake gani ya wuce ƙwayoyin sankara. Akwai jijiyoyin jini, akwai zaren tabo, akwai sojojin garkuwar jiki iri-iri, duk a cakuɗe wuri guda. Saƙonni na kai-komo tsakaninsu da sankarar dare da rana, kuma waɗannan saƙonni ne ke tsara yadda ƙarin zai girma, da yadda zai yaɗu, da ko magani zai kama shi.

Wace sankarar hanta ake nufi a nan?

Wadda ta tsiro daga ainihin ƙwayoyin halittar hanta, wato hefatosait. Likitoci na taƙaita sunanta da HCC, kuma ita ce kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na sankarar da ke farawa a hanta. Yawancin ragowar daga bututun ruwan matsarmama take tasowa. Sankarar da ta taso daga hanji ko nono ta sauka a hanta maganarta daban. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, na shekarar 2022 sun nuna sama da mutum 860,000 ne suka kamu, sama da 750,000 suka rasu. Ita ce ta uku a jerin nau'o'in sankara mafi kisa.

Ƙwayar halitta ba ta da baki ba ta da kunne, to da me take magana?

Da sinadarai. Ƙwaya ɗaya ta saki wani furotin, ya ratsa ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi, ya je ya maƙale a jikin wani furotin da ke fatar maƙwabciyarta, wanda aikinsa karɓar wannan saƙon kawai. Daga nan labari ya shiga ciki har cibiyar ƙwayar, a kunna wasu ƙwayoyin gado a kashe wasu. Sai ka ga wadda ta karɓi saƙon ta fara rabuwa biyu, ko ta tashi daga inda take, ko ta fara saƙa tabo, ko ta yi lamo.

Wani saƙon kuma sai an taɓa juna, fata da fata. Wani a cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ake ƙunsa shi a aika. Sharar da ƙwaya ke zubarwa bayan ta ci abinci ita ma tana sauya halin na kusa da ita, haka nan taurin naman da take zaune a kai.

Abin lura shi ne sankara ba ta ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba. Da su hanta mai lafiya ke warkar da rauni, da su take sake tsirowa idan an yanke mata wani ɓangare, da su take hana garkuwar jiki yin faɗa da abincin da ya shigo daga hanji. Sankara tana aika saƙon gaskiya ne a lokacin da bai dace ba, kuma ba ta dainawa.

Su wane ne maƙwabtan?

Hefatosait su ne suka cinye kusan kashi 80 cikin 100 na girman hanta, a jere suke layi-layi. Tsakanin layukan akwai siraran hanyoyin jini da ake kira sainusoid, bangonsu cike da ƙananan huji domin ruwan jini ya riƙa taɓa hefatosait kai tsaye. A cikin waɗannan hanyoyi ƙwayoyin Kupffer ke zaune suna haɗiye ƙwayoyin cuta da tarkacen da jini ya kwaso. A ɗan sararin da ke tsakanin bango da hefatosait kuma akwai ƙwayoyi masu siffar tauraro, masu ajiye yawancin bitamin A na jiki. Karl von Kupffer ya ga waɗannan masu siffar tauraro a 1876, Toshio Ito na Japan ya sake bayyana su a farkon shekarun 1950. Sai kuma ƙwayoyin T da NK da sauran sojojin jiki, waɗanda hanta ke da su da yawa.

Me ya sa sankarar hanta ba ta cika fitowa a hanta mai lafiya ba?

Wannan ce tambayar da ta bambanta sankarar hanta da wasu da dama. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu HCC hantarsu ta riga ta taurare da tabo, abin da likitoci ke kira sirosis. Ciwon hanta nau'in B ko C, ko barasa, ko taruwar kitse, su kan shafe shekaru ashirin ko talatin suna kashe hefatosait. Duk wadda ta mutu sai ta zubar da abin da ke cikinta, ƙwayoyin Kupffer su ji, su saki sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF. Waɗannan sinadarai suna umartar hefatosait da suka rage su hayayyafa su cike gurbi. Kowace rabuwa dama ce ta yin kuskure wajen kwafar DNA, ga kuma gubar da kumburin kansa ke fitarwa tana lalata shi. A haka ake tara kurakurai: kusan kashi 60 cikin 100 na HCC suna da sauyi a makunnin ƙwayar gadon TERT, wajen kashi 30 a TP53, kusan haka nan a CTNNB1.

Ke nan hirar ta girmi sankarar. Kafin ƙwayar sankara ta farko ta bayyana, maƙwabtan sun daɗe suna ihun a hayayyafa, a yi tabo, a kawo jini. Tun 1863 Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari ya danganta sankara da daɗaɗɗen kumburi, kuma a 1986 Harold Dvorak ya siffanta ƙari da raunin da ya ƙi warkewa. Da wuya a sami gaɓar da wannan siffa ta dace da ita kamar hanta.

Akwai togaciya. Ciwon hanta nau'in B yana iya cusa DNA ɗinsa cikin na hefatosait ya haddasa sankara tun kafin hanta ta taurare. Gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke fitarwa a hatsi da gyaɗar da ba a adana da kyau ba, tana bugun TP53 kai tsaye a wani gurbi sananne, lamba 249.

Yaya sankarar ke mayar da ƙwayoyin tauraro 'yan aikinta?

Da ɗan gari akan ci gari. Ƙwayoyin sankara suna sakin TGF-beta da PDGF, su kuwa ƙwayoyin tauraro da zarar sun ji waɗannan biyun sai su watsar da bitamin A da suke ajiye da shi, su miƙe, su fara saƙa zaren kolajin ba ƙaƙƙautawa. Wannan shi ne halinsu a duk lokacin da hanta ta ji rauni, sai dai a rauni na yau da kullum saƙon yana ɗaukewa su koma su kwanta ko su mutu. A cikin ƙari ba ya ɗaukewa.

Su ma ba sa yin shiru. Suna mayar da martani da HGF, wanda ke kama makarɓin MET a jikin ƙwayar sankara ya ƙara mata ƙarfin motsi da jure magani. Suna sakin IL-6 da CXCL12, suna kiran wasu fararen ƙwayoyin jini masu danne garkuwa, suna kuma fitar da VEGF don ƙaro jijiyoyi.

TGF-beta kansa fuska biyu gare shi. A hefatosait mai lafiya birki ne, yana hana ta rabuwa, yana ma iya sa ta mutu. Bayan sankara ta yi nisa sai ta daina jin birkin, amma ta ci gaba da amfana da sauran ayyukansa: tabo, danne garkuwa, da sassauta riƙon da ke tsakanin ƙwayoyi.

Wani zai ce to a kashe ƙwayoyin tauraron mana a huta. An gwada makamancin haka a ɓeraye masu sankarar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, a 2014, sai cutar ta ƙara muni. A hanta ma, binciken ɗakin gwajin Robert Schwabe da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙwayoyin tauraro rukuni-rukuni ne: masu saƙa kolajin suna ingiza sankara, masu sakin HGF a hantar da ba ta kai ga sankara ba suna kare hefatosait daga mutuwa. Yayin da ciwon hanta ke tsananta, rukunin farko ke rinjayar na biyu. Duk maganin da zai share su baki ɗaya zai tafi da masu kariyar.

Da gaske taurin nama kansa saƙo ne?

Ƙwarai. Ƙwaya tana riƙe da zaren da ke kewaye da ita ta wasu furotin da ake kira intagirin, tana ja tana jin ko wurin ya ba da kai ko ya ƙi. Idan da tauri, furotin YAP da TAZ sai su shige cibiyar ƙwayar su kunna hayayyafa. An shuka ƙwayoyin sankarar hanta a kan shimfiɗa mai laushi da mai tauri a ɗakin gwaji, na kan mai taurin suka fi saurin yawaita. A asibiti na'urar FibroScan tana auna wannan tauri: hanta mai lafiya wajen kilofaskal 5 take, mai sirosis takan haura 12, kuma haɗarin sankara yana hawa tare da lambar.

Ta yaya ƙarin ke jawo wa kansa jini?

Judah Folkman ya faɗa a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya samo sababbin jijiyoyi. Da ƙwayoyi suka cunkushe, na tsakiya suna rasa iskar oksijin. Ƙarancin oksijin yana hana a rushe wani furotin mai suna HIF-1, sai ya taru ya kunna VEGF. Gano wannan tsari ne ya ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019. VEGF yana isa ga ƙwayoyin bangon jijiya, su tsiro reshe su nufi inda saƙon ya fi ƙarfi.

A hanta labarin yana da wani ƙarin armashi. Hanta mai lafiya tana samun kusan kashi 75 cikin 100 na jininta daga jijiyar fotal mai zuwa daga hanji, sauran daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. HCC tana juya wannan lissafi: yayin da take girma sai ta koma dogaro kusan kacokan da jijiyar zuciya, hujin bangon sainusoid kuma ya toshe su zama kamar jijiyoyin ko'ina.

Likitoci sun ci moriyar wannan ta hanya biyu. Idan aka yi wa mutum allurar ruwan rini aka ɗauki hoton CT ko MRI, ƙarin yana haskawa tun cikin daƙiƙun farko kafin sauran hanta, daga baya ya dusashe lokacin da hantar ke cika. A hantar da ke da sirosis, ƙarin da ya kai santimita ɗaya ya nuna wannan hali ana iya tabbatar da cewa HCC ne ba tare da an tsaga nama ba, abin da ba a cika yi wa sauran nau'o'in sankara ba. Ta biyu kuma, ana zura siririn bututu har jijiyar da ke ciyar da ƙarin a zuba magani a toshe ta, aikin da ake kira TACE, ita kuwa hanta ta ci gaba da rayuwa da jinin fotal. Sai dai ƙwayoyin da suka tsira a gefe, yunwar oksijin tana sa su ƙara sakin VEGF, shi ya sa ake gwada haɗa TACE da magungunan da ke toshe shi.

Ina sojojin garkuwar jiki suke duk wannan na faruwa?

Suna nan, wasu ma a cikin ƙarin. Matsalar ita ce hanta tun asali wurin haƙuri ce. Kullum jinin hanji yana kawo mata tarkacen abinci da na bakteriya, da za ta riƙa faɗa da kowanne da mutum bai rayu ba. Don haka ƙwayoyin Kupffer da na bangon sainusoid sun saba sakin IL-10 suna kwantar wa ƙwayoyin T da hankali. Roy Calne ya nuna a 1969 cewa ana iya dasa hantar alade a jikin wani aladen ta zauna ba tare da maganin danne garkuwa ba. A irin wannan wuri sankarar ke tsirowa.

Sai ta ɗora nata a kai. Tana sakin CCL2 da CSF-1, su jawo ƙwayoyin monosait daga jini, su rikiɗe su zama makrofej, wato sojojin jiki masu haɗiye abokan gaba. Maimakon su cinye ta, sinadaran da suka tarar a wurin suna karkatar da su zuwa aikin gyaran rauni, sai su koma sakin VEGF da TGF-beta da IL-10. Tana kuma ɗora furotin CD47 a fatarta, wanda ma'anarsa ga makrofej ita ce kada a haɗiye ni. Ga kuma ƙwayoyin T masu tsawatarwa, Treg, waɗanda aikinsu na asali hana garkuwa cin jikin mai ita. Bincike a kansu ne ya ci Nobel ta 2025. Idan suka yi yawa a cikin ƙari fiye da ƙwayoyin T masu kisa, marar lafiya ya fi fuskantar dawowar cutar.

Saƙon da ya fi shahara shi ne na PD-L1. Ƙwayar T da ta daɗe tana faɗa takan fitar da makarɓin PD-1 a fatarta. Idan PD-L1 ya taɓa shi sai ta sassauta. Ƙwayoyin sankara na ɗauke da PD-L1, amma a hanta sau da yawa makrofej ɗin da ke bakin iyakar ƙarin su ne manyan masu ɗauke da shi. An kuma ga irin waɗannan makrofej sun haɗa kai da ƙwayoyi masu saƙa tabo sun yi wa ƙarin katanga, ƙwayoyin T suna tsaye a waje.

Me ya sa maza suka fi kamuwa?

Maza sun ninka mata sau biyu zuwa uku. Barasa da taba da yawan ciwon hanta nau'in B suna da nasu kason. Amma a 2007 ɗakin gwajin Michael Karin ya nuna a ɓeraye cewa homon istrojin yana rage IL-6 da ƙwayoyin Kupffer ke saki, kuma da aka cire IL-6 sai bambancin namiji da mace ya ɓace.

Mene ne ekzosom da ake yawan ambata?

Su ne 'yan jakunkunan nan, faɗinsu nanomita 30 zuwa 150. An fara ganin su a 1983 a jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa, aka ɗauka hanyar zubar da shara ce kawai. A 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa suna ɗauke da RNA, kuma ƙwayar da ta haɗiye su tana aiki da shi. Daga nan kallo ya koma kansu.

Cikin kayan da suke ɗauka akwai maikro-RNA, gajerun zarurruka masu rufe bakin wasu ƙwayoyin gado. Victor Ambros da Gary Ruvkun sun karɓi Nobel a 2024 saboda gano su. A hanta mai lafiya miR-122 shi ne mafi rinjaye, kusan kashi 70 cikin 100 na duka, kuma yana raguwa a HCC. Shi kuwa miR-21 yana ƙaruwa, an kuma nuna a ɗakin gwaji cewa idan ekzosom ɗin sankara suka kai shi ga ƙwayoyin tauraro yana kashe birkin PTEN ya tayar da su. Wani mai suna miR-1247-3p an gan shi yana tayar da ƙwayoyin saƙa tabo a huhu, wato yana gyara masauki tun kafin sankarar ta iso.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Rahotannin ekzosom sun yi yawa ainun, kusan kowane mako sai an ce an gano wani sabon maikro-RNA, amma galibinsu a kwanon gwaji ne da ɓeraye, kuma da adadin da ya fi abin da jiki ke samarwa. Har yanzu ba su shiga jerin gwaje-gwajen da ake yi wa masu HCC a asibiti ba.

Shara kuma fa, wane saƙo take isarwa?

Tun shekarun 1920 Otto Warburg ya lura ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari da yawa suna mayar da shi laktet ko da akwai oksijin. Sukarin da suka cinye ƙwayoyin T ne suka rasa. Laktet ɗin da suka zubar yana sa wurin ya yi tsami, ƙwayoyin T masu kisa da NK su raunana, Treg kuwa suna iya amfani da shi a matsayin abinci. Ƙwayoyin da suka mutu suna zubar da ATP, wanda a ƙa'ida ƙararrawar neman agaji ce, amma furotin CD39 da CD73 suna sare shi ya koma adenosin, mai sa sojojin jiki barci.

Hanji yana da hannu a ciki?

Yana da shi, tunda duk abin da ya tsallake bangon hanji hanta yake fara isa. A sirosis bangon yakan yi yoyo, guntattakin bakteriya su shigo su taɓa makarɓin TLR4 a jikin ƙwayoyin hanta, kumburi ya ƙaru. Gwajin ɓeraye na 2012 ya nuna hakan yana hanzarta girman sankara. A 2013 masu bincike a Japan suka nuna cewa a ɓeraye masu ƙiba, bakteriyar hanji tana sauya ruwan matsarmama zuwa wani asid da ke tsofar da ƙwayoyin tauraro, su kuma tsofaffin su riƙa tsiyayar da sinadaran kumburi.

Yaya wannan hira ke taimaka mata ta yaɗu?

Ƙwayoyin hanta manne suke da juna ta wani furotin mai suna E-kadirin. TGF-beta da HGF da ke fitowa daga maƙwabta suna rage shi, ƙwayar ta saki 'yan'uwanta ta fara rarrafe. Makrofej suna taimaka mata da inzayim masu narkar da zaren da ke gabanta. HCC tana da son kutsawa cikin rassan jijiyar fotal, shi ya sa wurin farko da take yaɗuwa shi ne sauran sassan hantar kanta, sannan huhu da ƙashi da kaluluwa.

Akwai wata hanyar da ba ta buƙatar rarrafe. A wasu ƙararrakin, jijiyoyi suna zagaye dunƙulen ƙwayoyin sankara su naɗe shi ruf, dunƙulen ya ɓalle ya faɗa jini da rigarsa ta bangon jijiya. An bayyana wannan salo a 2015, kuma masu shi cutar ta fi saurin dawo musu. Stephen Paget ya ce tun 1889 yaɗuwar sankara al'amari ne na iri da ƙasar da ya faɗa. Ekzosom sun ƙara nuna cewa irin yana iya aika a gyara masa ƙasar.

Saƙon yana kaiwa sassan jiki na nesa?

Yana kaiwa. Wasu ƙararrakin suna sakin wani nau'in IGF-2 da ke sa sukarin jini ya faɗi warwas. Wasu suna fitar da homon da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da kima, wasu kuma mai ɗaga sinadarin kalsiyam. Ramar da ke cinye tsoka ita ma sinadaran kumburi ne ke tura ta. Sai AFP, furotin da hantar ɗan tayi ke yi ta daina bayan haihuwa, sankarar ta sake kunna shi. Garry Abelev ya gano haka a ɓeraye a 1963, kuma har yau ana auna shi a jini, ko da yake masu HCC da yawa nasu ba ya hawa.

An taɓa cin nasarar katse wannan magana da magani?

Kusan duk ci gaban da aka samu a maganin HCC mai nisa daga nan ya fito. Magungunan kimoterafi na da, masu kai hari ga ƙwayar sankara ita kaɗai, ba su tsinana abin kirki ba. Sorafenib, wanda aka amince da shi a 2007, yana toshe makarɓan VEGF da PDGF da wasu. A gwajin SHARP matsakaicin tsawon rai ya kai wata 10.7, na waɗanda ba su sha ba 7.9. Bambancin bai kai wata uku ba, amma shi ne na farko, kuma an shekara goma ba a sami wanda ya kama ƙafarsa ba sai lenvatinib a 2018.

A 2020 gwajin IMbrave150 ya haɗa atezolizumab, mai toshe PD-L1, da bevacizumab, mai kama VEGF. Matsakaicin tsawon rai ya kai wata 19.2, na sorafenib 13.4, ƙarin ya ragu a kusan kashi 30 cikin 100 na marasa lafiya. Hikimar haɗin ita ce VEGF ba jijiya kaɗai yake tsirarwa ba, yana hana ƙwayoyin T shiga, yana kiran Treg. A 2022 aka amince da durvalumab tare da tremelimumab, mai toshe wani birkin da ake kira CTLA-4. Bayan shekara biyar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka karɓa suna raye, a ɓangaren sorafenib kusan ɗaya cikin goma. Tushen wannan fanni aikin James Allison ne da Tasuku Honjo, masu Nobel ta 2018.

Kowanne da farashinsa a jiki. Bevacizumab yana iya jawo zubar jini daga kumburarrun jijiyoyin maƙoshi, don haka ake zura kyamara a duba kafin a fara. Masu sakin birkin garkuwa kuma kan sa sojojin jiki su far wa hanji ko fata ko huhu ko hantar kanta.

To me ya sa ba ya yi wa kowa aiki?

Domin hanyoyin suna da yawa, idan aka toshe ɗaya sai a bi wata. A toshe VEGF, ƙarin ya koma ga FGF ko HGF. Sannan maganin PD-L1 yana buƙatar ƙwayoyin T su kasance a wurin tun farko. Ƙararrakin da ke da sauyin CTNNB1 sau da yawa fayau suke babu sojoji. Gwajin ɓeraye na 2019 ya nuna suna rage sakin CCL5, saƙon da ke kiran ƙwayoyin da ke nuna wa T abokin gaba. Ba kuma kowace dabara mai kyau a takarda ke tsira ba: tivantinib, wanda aka yi wa kallon mai toshe MET, ya faɗi a babban gwaji. Uwa uba, mai HCC galibi cuta biyu gare shi, sankara da sirosis, kuma idan hantar ta gaza sosai ba ta iya ɗaukar maganin.

An yi tiyata an cire ƙarin duka, me ya dawo da shi?

Bayan tiyata cutar na dawowa ga kusan kashi 70 cikin 100 cikin shekara biyar. Wadda ta dawo a shekara biyun farko galibi 'ya'yan tsohon ƙarin ne da suka riga suka bi jijiyar fotal. Wadda ta zo daga baya kuwa sabuwar sankara ce daga hantar da har yanzu take cikin kumburi. Wani bincike na 2008 da Yujin Hoshida ya jagoranta ya duba ayyukan ƙwayoyin gado a naman da aka ciro: na ƙarin bai nuna wanda zai daɗe ba, na hantar da ke gefensa shi ya nuna. Wannan ne dalilin da ya sa dashen hanta ya fi tiyata hana dawowar cutar, ga wanda ya cika sharuɗɗan Milan na 1996: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba.

Mai ciwon hanta da bai kai ga sankara ba, me wannan ilimi zai amfane shi?

Ya nuna masa inda ya kamata a sa ƙarfi, wato kashe kumburin tun da wuri. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1984, sankarar hanta a yara ta ragu a fili. Mai ɗauke da nau'in B akwai tenofovir da entecavir masu danne shi, nau'in C kuwa magungunan yanzu suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100. Idan musabbabin ya kau, ƙwayoyin tauraro da yawa suna lafawa, tabo ma yana iya raguwa. Haɗarin dai ba ya komawa sifili ga wanda hantarsa ta riga ta taurare, don haka hoton ciki duk wata shida yana nan daram ko bayan an warke.

Wanda aka yi wa dashen hanta, idan sankarar ta dawo, za a iya ba shi maganin PD-1?

Likitoci suna ɗari-ɗari da hakan sosai. Saƙon PD-L1 da sankara ke fakewa da shi yana cikin abubuwan da ke sa jiki ya haƙura da hantar da aka dasa. Idan aka toshe shi, ƙwayoyin T suna iya far wa sabuwar hantar, kuma an sha samun waɗanda jikinsu ya ƙi dashen bayan an ba su, wasu har suka rasu. Shi ya sa ake fara ba irin waɗannan marasa lafiya sorafenib ko lenvatinib. Wanda kuma ya sha maganin PD-1 kafin dashe, akan jira makonni ya fita daga jikinsa tukuna a shiga tiyata.